Jan Bokiti

A gaɓar Valparaíso na ɗauke shi bara,
wata Larabar da rana ta ƙi fitowa.
Babana Evaristo zaune a gefen kwale-kwale,
taru a cinya, zare a baki,
hula ta cinye rabin fuskarsa da inuwa.
Can kusurwar hagu ga jan bokiti
mai tsagaggen baki, marikinsa ɗaure da waya,
kusa da shi kuma wani hannu ya leƙo,
rabin hannu, dishi-dishi,
kamar baƙon da ya yi sallama bai shigo ba.

Sai shekaranjiya na sa shi a intanet, na kwanta.

Kafin ruwan shayina ya tafasa
wani yaro daga Temuco, wai shi Fermín,
ya dawo mini da shi a wanke, a goge.
"Na kwashe miki sharar," in ji shi, "kada ki ji haushi."
Sama ta yi shuɗi kamar an biya ta lada.
Bakin tekun da na karkatar ya miƙe sak.
Babu bokiti. Babu hannu.
Yashi ya rufe wurin sumul, ko tabo.

Mutum ɗari uku suka yaba nasa.
Nawa sha ɗaya, har da ƙanwata.

Yaro, hannun nan na Clorinda ne, uwata,
tana miƙo wa mijinta kofi.
Shekara ashirin ina binta da kyamara
tana zille mini kamar kifin da ya san ƙugiya.
Rabin hannun nan shi ne iyakar kamuna.
Cikin Agusta muka hau da ita tudu,
muka sauko ba ita.

Na rubuta masa magana mai ƙuna, na goge.
Na rubuta wadda ta fi ta, na goge.
Sannan na buɗe nasa, na ƙara masa girma
don in ƙirga ɓarnar ɗaya bayan ɗaya.

A nan hannuna ya tsaya.

Ashe yaron ya ɗaga inuwar hular.
Ga idanun babana a fili,
kuma ba taru suke kallo ba.
Hagu suke kallo, wajen yashin da ba kowa,
irin kallon da ban taɓa kama shi yana yi ba,
ni da na girma a gabansa.
Shekara guda hoton yana wurina,
ban san inda tsohon ya ajiye ido ba.

To ga ni da hoto biyu.
Nawa da hannu, ba ido.
Nasa da ido, ba hannu.

Na wanko su a takarda na kai wa tsohon.
Ya daɗe yana juya su da yatsu masu ƙarnin kifi.
Ya ce, "Saman garin nan ba ta taɓa yin wannan launi ba."
Bai ƙara ba.
Ya haɗa su fuska da fuska,
ya sa a gwangwanin da yake ajiye ƙugiyoyi.

Da daddare na rubuta wa Fermín:
gobe in ka ga ƙofa a buɗe, ka ƙwanƙwasa duk da haka.
Bar mini hasken. Maido mini hannun.
Ya ce, "Wane hannu?
Na zaci leda ce iska ta kwaso."

Ban ba shi amsa ba tukuna.
An fara ruwa a kan tudu,
mai ɗaki kuwa shi ya san inda yake masa yoyo.
Bari in tashi in jawo jan bokitin
in tara a inda ta saba tarawa.